Daga katin aure zuwa katin ritaya: abin da ƴan Arewa mazauna Faransa za su duba kafin su dawo gida

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har zuwa Tibiri, Dumega da Gecheme, gidaje da yawa suna da ɗa ko ɗiya a waje. Mafi yawansu suna Najeriya, Benin, Gana, Kodebuwa, Libiya ko Aljeriya. Wasu ƴan kaɗan sun kai Faransa, inda yankin ya daɗe da abokan hulɗa, kamar garin Orsay mai ƙawance da Dogon Dutsi da Cesson-Sévigné mai aiki tare da Dankasari. Daga cikin waɗanda suka tafi akwai masu karatu da suka zauna, akwai kuma maza da mata da aure ya ba su takardar zama.

Yau da yawa daga cikinsu sun kai shekarun ajiye aiki. Sun gina gida a gari, wasu sun sayi garka a Dallol Mawri, kuma zuciyarsu ta karkata gida. Amma ƴaƴa da jikoki suna can, likitan da ya san ciwonsu yana can, kuɗin fansho ma daga can yake fitowa. Tambayar da ke gabansu ita ce: yaya mutum zai dawo Dutsi ya zauna ba tare da ƙofar Faransa ta rufe a bayansa ba?

Dokar Faransa ta tanadi kati na musamman domin wannan, wanda aka rubuta wa kalmar « retraité ». Sai dai karɓarsa ciniki ne: mutum yana samun wani abu, yana barin wani. Kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai, wanda ya yi kuskuren jera matakai yana iya shafe watanni yana neman abin da zai iya samu tun kafin ya hau jirgi.

Yadda katin aure yake tafiya

Ɗan Nijar ko ƴar Nijar da suka auri mai ɗauke da takardar ƙasar Faransa suna shiga ne da bizar dogon zama ta shekara 1, bayan an shigar da auren cikin rajistar Faransa idan a Nijar aka ɗaura shi. Idan shekarar ta cika, ana ba su katin « vie privée et familiale » na shekara 2. Bayan shekara 3 da aure, in har suna zaune tare, za su iya neman « carte de résident », wato katin shekara 10, wanda mutane ke kira babban kati.

Duk waɗannan matakai a kan zaman tare suka dogara. Idan aure ya mutu tun ana kan ƙananan katuna, ofishin perefe yana da ikon ƙin sabunta su. Ko babban katin ma ana iya janye shi idan an rabu cikin shekara 4 na farko da ɗaurin aure, sai fa idan mutuwa ce ta raba, ko duka da cin zarafi a cikin gida, ko kuma akwai ƴaƴa da mai katin ke ɗawainiyarsu. Wanda aka kai shi ta hanyar haɗa iyali, wato miji ɗan Nijar mai takarda ya kira matarsa, shi ma katinsa yana rataye da zaman tare har shekara 3.

Da zarar waɗannan shekaru sun wuce, babban katin ya zama na mai shi. Saki ko rasuwar abokin zama ba sa taɓa shi. Akwai kuma yarjejeniyar shige da fice da Nijar da Faransa suka sanya wa hannu ranar 24 ga Yuni 1994, wadda ta ba ƴan Nijar damar neman katin shekara 10 bayan shekara 3 na zama bisa ƙa'ida ba tare da yankewa ba. Saboda haka wanda aurensa ya mutu kafin ya sami babban kati yana da wata hanya, muddin yana da aiki da abin shiga.

Dokar 26 ga Janairu 2024 ta ƙara tsaurara sharaɗin harshe. Daga 1 ga Janairu 2026 mai neman babban kati karo na farko sai ya nuna matakin B1 na Faransanci, ya kuma ci jarrabawar sanin ƙasa. An ɗauke wa wanda ya haura shekara 65 sharaɗin harshen.

Inda babban kati ke mutuwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa katin shekara 10 yana nan daram har ranar da aka rubuta a jikinsa. Doka ta ce wani abu dabam. Idan mai katin ya zauna a wajen Faransa fiye da shekara 3 a jere, katin ya mutu, ko da saura shekara 5 a jikinsa. Ana iya neman ƙarin wa'adi, kafin tafiya ko ana can waje, amma sai an nema kuma an amince.

Da can dabarar da tsofaffi ke yi ita ce su riƙa leƙa Faransa sau ɗaya a shekara, su yi wata ɗaya ko biyu su koma. Dokar 2024 ta toshe wannan hanya a wajen sabuntawa. Yanzu mai neman sabunta babban kati sai ya nuna cewa Faransa ce mazauninsa na yau da kullum: iyalinsa da harkokinsa suna can, kuma ya yi aƙalla wata 6 a ƙasar cikin kowace shekara a shekaru 3 na ƙarshe kafin ya ajiye takardun neman sabuntawa. Dattijon da ke wata 10 a Tibiri da wata 2 a Faransa katinsa ba zai mutu a hannunsa ba, amma ranar sabuntawa hatiman da ke cikin fasfo za su tona shi.

Akwai wani kati mai suna « résident permanent », da ake ba wanda ya haura shekara 60 idan babban katinsa ya ƙare. Sunan yana ruɗin mutane. Shi ma ƙa'idar shekara 3 a waje tana hawansa. Dukkan waɗannan katuna an yi su ne domin mai zama a Faransa. Wanda ya yanke shawarar dawowa gida yana buƙatar takardar da aka yi domin mai zama a gida.

Sharuɗɗa uku na katin ritaya

Dokar 11 ga Mayu 1998, wadda ake kira dokar Chevènement da sunan ministan cikin gida na lokacin, ita ta ƙirƙiro katin « retraité ». Yau yana cikin sashe na L. 426-8 na kundin dokokin baƙi. Sharuɗɗansa uku ne.

Na farko, mutum ya taɓa zama a Faransa da babban kati na shekara 10. Wanda ya ƙare rayuwarsa ta can a kan katunan shekara 1 ko 2 ko 4 bai cika wannan sharaɗi ba, komai yawan shekarun da ya yi.

Na biyu, yana karɓar fanshon tsufa daga wata babbar asusun fansho ta Faransa, fanshon da ya samo asali daga kuɗin da aka riƙa cirewa a albashi. Sai an riga an buɗe fanshon ana biya. Jiran cikar shekaru bai wadatar ba. Doka ba ta ƙayyade yawan kuɗin ba, ko kaɗan ne ya isa. Ta kuma yarda da fanshon da mutum ya gada daga mijinta ko matarsa da suka rasu.

Na uku, mutum ya mayar da mazauninsa wajen Faransa, ko yana shirin mayarwa. Adireshin da za a rubuta a katin na gida ne, na Dutsi ko Kore Mairuwa ko duk inda ya zaɓa.

Shekarun fara karɓar fansho a Faransa suna tsakanin 62 da 64, gwargwadon shekarar haihuwa. Wanda bai cika adadin zangunan da ake bukata ba, waɗanda suka kai 172 ga ƴan baya, wato shekara 43 ta aiki, ana rage masa kuɗi, sai idan ya jira ya kai 67. Wannan ya shafi ƴan Nijar sosai, domin da yawa sun isa Faransa ne bayan sun haura shekara 30. Yarjejeniyar kare ma'aikata da ƙasashen biyu suka ƙulla ranar 28 ga Maris 1973 ta ba da damar haɗa shekarun aikin da aka biya wa CNSS a Nijar da na Faransa wajen lissafi. Wanda ya yi aikin albashi a Yamai ko Doso kafin ya tafi, ya nemo lambarsa ta CNSS da takardun aikinsa, kada ya ɗauka sun zama tarihi.

Abin da ake samu, abin da ake bari

Katin ritaya na shekara 10 ne, kuma ana sabunta shi. Mai shi yana shiga Faransa duk ranar da ya ga dama ba tare da biza ba, ya zauna har shekara 1 a kowace tafiya. Babu ƙa'idar shekara 3: ko ya yi shekara 6 a gida bai taka can ba, katinsa yana raye. A yau da biza ta yi wa ƴan Nijar wuya, wannan babban abu ne.

Abin da ake bari shi ma yana da nauyi. Katin bai ba da izinin aiki ba. Kuma tunda mai shi ya faɗa da bakinsa cewa mazauninsa yana waje, tallafin da aka ɗaure da zama a Faransa yana tsayawa. Fanshon da mutum ya biya wa kuɗi yana bin sa duk inda ya je a duniya. Tallafin gwamnati ba ya ƙetare iyaka.

Mafi girma a cikinsu shi ne ASPA, kuɗin da ake cika wa tsohon da fanshonsa ya yi kaɗan. A shekarar 2025 ana cikawa har yuro 1,034 a wata ga mutum ɗaya, kimanin jika 678 na sefa. Tun 1 ga Satumba 2023 sai mutum ya yi wata 9 a Faransa cikin shekara kafin ya ci gaba da karɓarsa. Da can wata 6 ne. Ga misali: dattijo wanda matarsa ta rasu, fanshonsa yuro 600, ana cika masa da yuro 434. Idan ya dawo gida, yuro 600 ɗin, kimanin jika 393, za su riƙa zuwa. Yuro 434 ɗin, kusan jika 285, sun tafi. A Dogon Dutsi jika 393 a wata kuɗi ne mai riƙe gida, ga shi babu haya. Amma dole mutum ya yi lissafinsa a kan 600, kada ya yi shi a kan 1,034.

Haka tallafin haya yake: yana buƙatar a zauna a gidan aƙalla wata 8 a shekara. Wanda ya dawo gida bai sanar ba, kuɗi suka ci gaba da shiga, ranar da aka gano za a nemi ya mayar da su duka, kuma ana iya cire su daga abin da ake biyan sa. Wannan ya faru da tsofaffin ma'aikata da yawa ƴan Maroko da Aljeriya da Mali, har majalisar dokokin Faransa ta kafa kwamiti a kan halin da tsofaffin baƙi ke ciki, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Yuli 2013.

A wancan lokaci katin ritaya tafiya ce babu dawowa, shi ya sa mutane ke gudunsa. Dokar 7 ga Maris 2016 ta gyara wannan. Yanzu mai katin ritaya da ya so komawa Faransa da zama, saboda rashin lafiya ko don ya kusanci ƴaƴansa, yana da haƙƙin a mayar masa da babban kati idan ya nuna cewa can zai zauna.

Batun lafiya da haraji

Wannan ne wurin da ya fi damun tsofaffi. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba ganin likita duk wata uku yana son sanin ko za a ci gaba da biya masa magani idan ya je. Katin ritaya shi kaɗai ba ya ba da inshorar lafiya. Tun 1 ga Yuli 2019 ƙa'idar ita ce: mai fanshon Faransa da ke zaune a ƙasa irin Nijar ana ɗaukar nauyin jinyarsa idan ya ziyarci Faransa muddin ya yi aƙalla shekara 15 yana biyan kuɗin fansho a can. Ofishin da ke kula da irin waɗannan mutane sunansa CNAREFE, kuma sai an yi rajista da shi. A madadin haka ana cire kashi 3.2 cikin 100 daga babban fansho da kashi 4.2 daga fanshon ƙari.

Wannan inshora ta jinya a cikin Faransa ce. Kuɗin asibiti a Dutsi, Doso ko Yamai daga aljihun mutum zai fito. Wanda shekarunsa na biya ba su kai 15 ba, ya tambayi asusunsa a rubuce kafin ya canza kati, domin yana iya samun ƙofa a buɗe amma kwana ɗaya a asibiti ya cinye fanshon wata.

A wajen haraji, a watan Disamba 2023 Nijar da Mali sun sanar da soke yarjejeniyoyin da suka hana a karɓi haraji sau biyu tsakaninsu da Faransa. Faransa tana cire haraji tun daga tushe a kan fanshon wanda ke zaune a waje, amma kason farko, kusan yuro 17,000 a shekara, ba a cire masa komai. Yawancin masu ƙaramin fansho suna ƙarƙashin wannan adadi. Mai babban fansho ne ya kamata ya nemi shawarar masanin haraji.

Mata: hali uku, amsa uku

Mata ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin da yawa sun yi shekarun suna renon yara ko aikin sa'o'i kaɗan.

Hali na farko: miji ɗan Nijar ne ya karɓi katin ritaya. Matarsa, idan ta zauna tare da shi a Faransa bisa ƙa'ida, tana da haƙƙin katin « conjoint de retraité », mai irin damar da nasa ke da ita. Matar da ke gida ba ta taɓa zama can ba, wannan kati ba ya hawanta.

Hali na biyu: mijin ya rasu, Bafaranshe ne ko ɗan Nijar. Matar tana iya samun rabo daga fanshonsa, kashi 54 cikin 100 a babbar asusu, daga shekara 55 kuma idan abin shigarta bai wuce iyakar da aka sa ba, da kashi 60 a asusun ƙari ta Agirc-Arrco. Da wannan fansho na gado da tsohon babban katinta, ta cika sharuɗɗan katin ritaya da sunanta. Amma rabon sai da aure na hukuma. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida ba a kai shi rajista ba, asusun fansho ba ta san da shi ba.

Hali na uku shi ne mai tarko: mijin Bafaranshe ne, yana raye, su biyu suna son dawowa Nijar, ita kuma ba ta da fanshon kanta. Ba za ta sami katin ritaya ba tunda babu fansho. Ba za ta sami na matar mai ritaya ba, domin mijinta ɗan ƙasa ne, ba ya riƙe katin baƙi. Abu na farko da za ta yi shi ne ta nemi takardar tarihin aikinta, « relevé de carrière ». Akwai tsarin da asusun tallafin iyali ke biya wa uwa mai renon yara kuɗin fansho, kuma wasu matan suna da zanguna a rubuce ba su sani ba. Idan babu komai, hanya mafi ƙarfi ita ce takardar zama ƴar ƙasa, wadda ake nema bayan shekara 4 da aure, da sharaɗin harshe da ya hau matakin B2 daga 2026. Nijar ta amince da riƙe ƙasa biyu tun dokar 5 ga Nuwamba 2014, don haka ba za ta rasa zamanta ƴar Nijar ba. Akwai kuma ƙofar da dokar 28 ga Disamba 2015 ta buɗe wa wanda ya kai shekara 65, ya yi shekara 25 a Faransa bisa ƙa'ida, kuma yana da ɗa ko jika Bafaranshe.

Maza kuma su lura da batun ƙarin aure. Tun dokar 24 ga Agusta 2021 ba a ba da kowane irin kati ga wanda ke zaune a Faransa da mace fiye da ɗaya. Dokar ta kuma ce mace ɗaya ce ke gadon fansho, sai inda wata yarjejeniya tsakanin ƙasashe ta tanadi wani abu dabam. Wanda ya dawo gida ya ƙara aure, ya nemi amsa a rubuce daga asusunsa tun yana raye, kada ya bar wa iyalinsa rigima.

Ofishin jakadanci a rufe

Ana neman katin ritaya ta hanya biyu: a ofishin perefe idan mutum yana Faransa, ko a ƙaramin ofishin jakadanci idan ya riga ya koma gida. Shekarun baya, mutumin Dutsi sai ya bi babbar hanya ta RN1, kilomita sama da 270, ya kai takardunsa Yamai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wannan hanya ta toshe. Air France ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na shekarar. Jakada Sylvain Itté ya bar ƙasar ranar 27 ga Satumba, sojojin Faransa na ƙarshe suka fita ranar 22 ga Disamba, sannan ranar 2 ga Janairu 2024 Faransa ta sanar da rufe ofishin jakadancinta har sai abin da hali ya yi, ta mayar da ayyukan takardu ga ofisoshinta na ƙasashen yankin.

A doka, wanda babban katinsa ya mutu a gida bai rasa haƙƙin katin ritaya ba, tunda sharaɗin shi ne ya taɓa riƙe katin. A aikace kuwa, sai ya fita zuwa wata ƙasa, ya yi jiran ganawa, ya biya masauki, watakila ya koma sau biyu. Ga tsoho mai shekara 70 wannan ba ƙaramar wahala ba ce. Wanda yake Faransa yanzu da kati mai rai, ya gama komai a ofishin perefe kafin ya ɗaure kaya. Idan lokacin sabuntawa ya zo bayan shekara 10, ya shirya tafiya ya shiga da katin tun bai ƙare ba. Ana ajiye neman sabuntawa ne kafin ranar ƙarewa, tare da rantsuwa a rubuce cewa babu ziyarar da ta wuce shekara 1.

Takardun da ke fitowa daga gida

Dangin da ke nan suna da rawar takawa. Tsofaffi da yawa an rubuta musu « né vers », wato an haife shi wajen shekara kaza, ko kuma takardar haihuwarsu hukuncin kotu ce da aka yi daga baya. Idan sunan da ke fasfo ya saɓa da na katin zama ko na asusun fansho, ko da harafi ɗaya ne, fayil yana iya tsayawa. Gyaran irin wannan a kotu da ma'aikatar magajin gari ake yin sa, kuma yana cin lokaci. Haka takardar aure: a duba ko an shigar da shi rajista.

Bayan dawowa akwai takardar shaidar rai, « certificat de vie », da ake nema sau ɗaya kowace shekara. Tun 2019 takarda ɗaya ce ke wadatar da dukkan asusun fansho na Faransa, ta shafin intanet na Info Retraite. Hukumar wurin da mutum yake zaune ce ke sa mata hannu da hatimi, kamar ma'aikatar magajin gari, wadda tun rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da ita. Idan takardar ba ta koma a kan lokaci ba, ana dakatar da biya har sai ta iso. Tsohon da ke zaune a ƙauye yana buƙatar wani ɗa ko jika mai waya da intanet wanda zai riƙa duba masa saƙonni.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Tsarin Faransa ya dogara ne a kan aikin da mutum ya riga ya yi. Wasu ƙasashe kuɗin da ke hannu suke dubawa. A Tailan, baƙon da ya auri ƴar ƙasa sai ya nuna baht 400,000 a banki ko 40,000 a wata. Idan aure ya ƙare ya koma izinin ritaya, sai ya kai shekara 50 kuma ya nuna baht 800,000 ko 65,000 a wata. A Amurka, inda ƴan Nijar ke da yawa a New York da Greensboro, babu katin ritaya ko kaɗan: mai katin zama na dindindin da ya wuce shekara 1 a waje yana iya rasa shi, sai idan ya karɓi izinin komawa na shekara 2 kafin ya fita.

Ga mafi yawan ƴan Arewa da ke Sakkwato, Legas, Kwatano ko Akara, yarjejeniyar CEDEAO ce ta daɗe tana sauƙaƙa zama. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso suna shiga da zama kamar da, har a kammala tattaunawa. Wanda ya tsufa a can da mata da ƴaƴa, lokaci ya yi da zai tabbatar aurensa da haihuwar ƴaƴansa suna cikin rajista.

Wane ne katin ya dace da shi

Katin ritaya ya dace da wanda zai yi mafi yawan shekara a gida, fanshonsa na kansa ya ishe shi, kuma ya cika shekara 15 ta biya. Wanda rabin kuɗinsa daga ASPA yake, ko yake jinya mai tsawo a can, gara ya riƙe babban katinsa ya taƙaita zamansa a gida zuwa wata 3. Wanda ya cika sharuɗɗan zama ɗan ƙasa, wannan ce takardar da ba ta mutuwa da daɗewa a waje.

Ga wanda ya zaɓi katin ritaya, ga yadda matakan ke bin juna. Ya fara neman takardar tarihin aikinsa ya gyara kurakurai, tare da takardun haihuwa da aure daga gida. Ya nemi fansho wata 4 zuwa 6 kafin ranar da yake son a fara biya. Idan takardar fanshon ta fito, ya kai nemansa ofishin perefe tun babban katinsa yana raye, ya ajiye kwafin tsofaffin katunansa duka. Ya sanar da asusun fansho, na lafiya, na tallafin iyali da ofishin haraji ranar tashinsa da sabon adireshinsa, ya yi rajista da CNAREFE. Sai katin ya shiga hannunsa, nasa da na matarsa, sannan ya mayar da makullin gidan haya ya sayi tikiti.